Ɗana Mai Otizim Ba Ya Rabuwa da Talabijin da Waƙa, In Raba Shi da Su?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa takwas. Likitan farko da ya duba shi ya ce yana da Asperger, na biyu ya rubuta otizim, har yau ban san wanne zan kama ba. Yana magana, yana karatu da kyau, amma ba shi da aboki ko ɗaya. Katun guda yake kallo, kashi ɗaya sai ya yi ta maimaita shi, ya haddace maganganun ciki yana ta faɗa ko ba a tambaye shi ba. Waƙa kuwa sau ɗaya zai ji ya rera ta daidai. A rana yakan yi awa shida gaban talabijin. Idan aka kashe sai ihu da birgima, wani lokaci har ya buga kansa da bango. Babansa ya ce a fitar da talabijin ɗin kowa ya huta, dangi kuma suna cewa ni na jawo masa da na bar shi yana kallo tun yana ƙarami. Ina cikin damuwa.

Daga wata uwa

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki shi. Kada a fitar da talabijin ɗin, kuma kada a bar abin yadda yake. Awa shida ta yi yawa, a nan babansa ya yi gaskiya. Amma kallon nan da waƙar nan su ne inda yaron ya fi ƙarfi, su ne kuma hanya mafi kusa da za ki bi ki isa gare shi. Abin da ake bukata shi ne a yi musu iyakar da ya san da ita tun kafin a kunna, sannan ke ma ki shiga ciki tare da shi.

Likitocin nan biyu ba su saɓa wa juna ba. A 1943 wani likita mai suna Leo Kanner ya yi bayanin yara 11 masu lalurar otizim a Amurka. Shekara guda bayan haka, a 1944, Hans Asperger a ƙasar Ostiriya ya rubuta game da wasu yara masu magana da kaifin basira, amma hulɗa da mutane tana yi musu wuya, kuma sukan ƙwallafa rai a kan abu guda. Lorna Wing, wata likita 'yar Ingila, ita ta yaɗa sunan Asperger a 1981, aka yi shekaru ana ɗaukarsa a matsayin lalura mai zaman kanta. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi sahu a jadawalinta na cututtuka da ya fara aiki a 2022. Wato likitan farko ya yi amfani da tsohon suna, na biyu da sabo. A takardun makaranta da na asibiti ki riƙa rubuta otizim, shi ne kowa zai gane.

Maganar dangi kuwa, ki sauke ta daga kanki. Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, kuma ginin nan yana farawa tun yaro na ciki. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya bi mutane sama da miliyan biyu a ƙasashe biyar, ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ke kawo shi gado ne. Gaskiya ne an sha ganin yara masu otizim sun fi sauran yara daɗewa gaban allo tun suna ƙanana, amma wannan ba ya nufin allon ne ya kawo lalurar. Sau da yawa lalurar ce take jan yaron zuwa ga allon, iyaye kuma su ga nan ne kaɗai yake natsuwa su ƙyale shi. Idan kin ji an koma ɗora laifin a kan allurar rigakafi, wannan ma ba ta da tushe: rahoton 1998 da ya haddasa jita-jitar, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010.

Me ya sa kashi ɗaya, sau goma? Ki dubi yadda mutane suke a idonsa. Fuska tana canzawa cikin ƙiftawar ido, murya tana faɗin abu ɗaya tana nufin wani, a yi masa wasa bai san wasa ba ne, a ce "ina zuwa" a daɗe ba a zo ba. Duk wannan aiki ne mai gajiyarwa ga ƙwaƙwalwarsa, kuma ya wuni yana yin sa a makaranta. A cikin katun ɗinsa kuwa ya san abin da zai biyo baya kafin ya zo. Fuskokin manya ne, fushi ya fito fili, murna ta fito fili, kuma ba wanda zai juyo ya tsare shi da ido yana jiran amsa. Maimaitawar hutu ce gare shi, kuma karatu ce, don a kallo na takwas yana iya kama abin da ya wuce shi a na farko. Waƙa ma haka take: tana da amshi, tana da bugun da ba ya saɓawa. Wannan ne ma ya sa za ki ga yaron da ke ƙure sautin waƙarsa yana toshe kunne idan aka kunna injin markaɗe ko aka buga ƙofa. Sautin da shi ya zaɓa, ya kuma san ƙarshensa, daban yake da wanda ya faɗo masa ba shiri.

Kafin ki canza komai, ki yi mako guda kina rubutawa kawai. Ƙarfe nawa aka kunna, me ya kalla, ƙarfe nawa aka kashe, wa ya kashe, a tsakiyar shiri ne ko a ƙarshe, me aka ce ya yi bayan nan, kuma minti nawa ihun ya ɗauka. Yawancin iyaye idan suka duba takardar nan sukan ga ihun ba kowane lokaci yake zuwa ba. Ya fi zuwa ne idan an katse shiri a tsakiya, ko an kashe ba gargaɗi, ko abin da ke biye shi ne wanda ya fi ƙi, kamar wanka ko aikin gida na makaranta. Akwai na huɗu da ya fi su duka ɓarna: a kashe, ya yi ihu na minti ashirin, a gaji a sake kunnawa. Yau an kunna, gobe an ƙi, jibi an kunna. Abin da ya koya shi ne ihu yana aiki idan aka dage, don haka gobe zai ƙara dagewa.

Daga nan sai ki gina ranar tasa daga abubuwan da ba a taɓawa. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana ga yara 'yan shekara 5 zuwa 17. Ki sa makaranta, cin abinci, aikin gida. Abin da ya rage a nan kallo zai zauna. A ganinmu awa biyu a ranar makaranta, a raba su gida biyu, manufa ce mai yiwuwa ga yaro kamar naki. Amma kada ki faɗo daga shida zuwa biyu a dare ɗaya. Ki rage minti 30 a kowane mako, cikin mako takwas kin isa. Ki fara da na dare, don hasken allo da tashin hankalin shiri suna jinkirta barci, ga shi yara masu otizim dama barci yakan ba su wahala: awa ɗaya kafin kwanciya babu allo, kuma babu talabijin ko waya a ɗakin barcinsa. Sai na safe kafin makaranta, sai na lokacin cin abinci. Talabijin da ke ta magana ba mai kallo ma a kashe shi.

Yadda ake kashewa ya fi adadin awannin muhimmanci, don haka bari mu tsaya a kansa. Ki daina ƙirga masa da minti, ki ƙirga da kashi. "Saura minti goma" magana ce da ba shi da abin kamawa a cikinta, "kashi biyu" kuwa yana da farko yana da ƙarshe. Idan a intanet yake kallo, ki shiga saiti ki kashe abin nan da ke sa wani kashi ya fara da kansa, domin shi ne ke share iyakar da kike son ya gani. Ki yanka kati biyu ki zana talabijin a kan kowanne. Zai miƙa miki ɗaya kafin kowane kashi, idan katin ya ƙare kallo ya ƙare, ba ke kika hana ba, katin ne ya ƙare. A gefen talabijin ki manna takarda mai hoto biyu, na farko kallo, na biyu abin da zai biyo baya, ki nuna masa kafin a kunna. Ana saura kamar minti biyar kashin ƙarshe ya ƙare ki matso kusa, ki taɓa hoton na biyu, ki ce, "Idan wannan ya ƙare, sai keke." Kalma kaɗan, murya a kwance, kuma kalmomin nan dai kullum. Ki bar waƙar rufe shirin ta kai ƙarshe, don a wurinsa tana cikin shirin. Sannan rimot ɗin a hannunsa yake, shi zai danna. Wannan ɗan abin yana rage rigima sosai, domin abin da ya yi da hannunsa bai zo masa ba zato ba.

Abin da ke biye da kallo, a makonnin farko, ya zama abin da yake ɗan so: lilo, keke, wasa da ruwa, zane. Idan dole sai an yi wanka, a sa wani abu mai daɗi na minti goma a tsakani. Kuma ki sani, kwanakin farko abin zai iya ƙaruwa kafin ya ragu. Yaron da ya saba ihu yana buɗe masa talabijin zai gwada da ƙarfi fiye da da idan ya ga bai buɗe ba. A nan ne gidaje da yawa suke karaya su ce tsarin bai yi aiki ba, alhali alamar ya fara aiki ke nan. Sharaɗin shi ne duk manyan gidan su tsaya a kan magana ɗaya. Idan ke kin ce kati biyu, wani ya zo ya ƙara na uku don tausayi, an koma gidan jiya.

Sai dai ki bambance bori da birkicewa, don ba a yi musu magani ɗaya. Mai bori yana satar kallonki ya ga ko kina gani, kuma da ya samu abin da yake so zai tsaya cak. Wanda ya birkice ba ya ganin kowa, ko an kunna masa talabijin ɗin ba lallai ya tsaya ba, domin abin ya fi ƙarfinsa. A wannan hali faɗa da dogon bayani ƙara wuta suke yi, duka kuwa ba ya koya masa komai sai tsoronki. Ki rage haske da hayaniya, ki sallami masu kallo, ki kawar da abin da zai ji masa ciwo, ki sa filo ko hannunki tsakanin kansa da bango, ki zauna kusa ki yi shiru. Idan ya sauko ki ba shi ruwa, ki ba shi lokaci, sannan a wuce ga hoton na biyu. Buga kai da bango ba abin da za a zuba wa ido ba ne, ki faɗa wa likitansa, tare da takardar nan da kika cika.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi daɗi. Maganganun katun da yake ta faɗa ba surutun banza ba ne. Yara da yawa masu otizim suna ɗaukar magana ne a dunƙule, jimla guda cur, su ajiye ta tare da yanayin da suka ji ta a ciki, su fito da ita idan irin yanayin ya dawo. A ce a cikin shirin akwai inda wani ya ce, "Kowa ya ɗaura bel, jirgi zai tashi!" ana shirin tafiya. Idan ɗanki ya tsaya bakin ƙofa yana maimaita wannan, fita yake so. Idan kuma yana faɗin abin da wani ya faɗa lokacin da ya ɓata a daji, a daidai lokacin da baƙi suka cika falo, tsoro yake gaya miki. Ba za ki gane haka ba sai kin san shirin. Don haka ki zauna da shi minti goma a kowace rana ki kalla, ba waya a hannunki. Ki buɗe shafi a littafi: a hagu abin da ya faɗa, a dama inda ya faɗe shi. Cikin mako biyu za ki ga wasu jimlolin sun fara ba da ma'ana.

Idan kin gane manufar, ki amsa ta, sannan ki ba shi gajeriyar jimlar da zai iya ɗauka yadda take. Ya ce jirgi zai tashi, ki ce, "Ina so in fita," ki buɗe ƙofar. Ki lura mun ce "ina so", ba "kana so" ba. Tunda a dunƙule yake kwafa, idan kika ce "kana son fita?" haka zai riƙa faɗa duk sanda yake son fita. Kada ki ce masa ya daina maganar katun, kada kuma ki mayar da zaman kallon jarrabawa, kina tsayar da shiri kowane minti kina tambayar "wannan wane launi ne?". Zai kore ki, kuma da gaskiyarsa. Tsayarwa ɗaya ko biyu ta isa, a inda fuskar wani ta nuna abu ƙarara, ki ce, "Kai, ya ji haushi, an ɗauke masa ƙwallo," ki saki. Tunda yana karatu, ki kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo.

Wannan son kallo yana da wani amfanin da masu koyar da yara irinsa suka daɗe suna mora. Duk abin da kike fama da shi ki koya masa, goge haƙori, ɗaure takalmi, yadda ake gaida baƙo, yadda ake cewa "zan iya wasa da ku?", ki ɗauki bidiyonsa a waya. Kada ya wuce minti ɗaya ko biyu, abu ɗaya tak, bango ba tarkace, mai yin aikin ya zama wanda ya sani, kamar yayansa ko babansa. Ya kalla sau biyu ko uku dab da lokacin yin abin, sannan a yi. Inda ake kuskure shi ne a cusa matakai da yawa a bidiyo ɗaya, ko a nuna yadda ba a so a yi, don zai iya kwafar wannan ɗin.

Waƙa kuwa, kunnen da yake da shi baiwa ce ta gaske. Iya gane sauti daidai ba tare da an gwada shi da wani ba ya fi yawa a cikin masu otizim fiye da sauran mutane. Ki yi amfani da ita ta hanya mai sauƙi. Ki rera waƙar da ya sani, ki tsaya kafin kalmar ƙarshe ta baiti, ki dube shi, ki ƙirga biyar a zuci. Zai cika miki. Wannan karɓa-karɓa ita ce ƙashin bayan hira: ni, kai, ni, kai. Ki ɗauki karin waƙar da yake so ki ɗora masa matakan shirin makaranta ko na kwanciya, kullum waƙa ɗaya ga aiki ɗaya. Da ganga ko wani abin bugawa, ki buga uku ya maimaita, sannan shi ya buga ke ki bi. Idan akwai halin koyon abin kiɗa, a fara da darasin minti 15 zuwa 20, rana ɗaya, wuri ɗaya, da malamin da zai yarda ya fara da kunne kafin takarda. Batun aboki ma ta nan ya fi sauƙi: yaro ɗaya mai son shiri ko waƙa irin tasa, ziyarar minti 30 zuwa 45 da abin yi a tsare, ta fi a tura shi cikin yara goma a ce je ka yi wasa.

Amma kada wani ya sayar miki da kiɗa a matsayin maganin warkewa. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2017, a kan yara 364 'yan shekara 4 zuwa 7 a ƙasashe tara, bai ga jinya da kiɗa ta rage ainihin alamomin otizim fiye da kulawar da aka saba ba. Kiɗa yana kawo natsuwa, da jin daɗi, da dalilin zama da mutane, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Otizim dai ba a warkar da shi da waƙa, ko ƙwaya, ko wani haɗi na musamman, kuma duk mai cewa zai wanke wa yaro jini ko ciki ya rabu da shi, ki yi nesa da shi, don wasu irin waɗannan hanyoyi sun yi kisa.

Ki kula da kunnen nasa idan yana sa abin sauraro. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga yara shi ne kada a wuce desibel 75 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na tsawon awa 40 a mako. A aikace, kada sautin ya haura kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'urar, kuma idan sai kin ɗaga murya kafin ya ji ki alhali kina kusa da shi, ya yi yawa. Yawancin wayoyi suna da wurin kulle iyakar sauti a saiti. Abin toshe kunne na rage hayaniya kuma daban ne, a ajiye shi don taro da wurare masu ƙara, kada ya wuni da shi a kunne.

Akwai abubuwan da idan kin gani ba za ki jira ranar ganin likita ba. Idan yakan ƙame yana kallon wuri ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, ki kira shi ko ki taɓa shi bai motsa ba, ko jikinsa ya riƙa fizga, musamman gaban hoto mai walƙiya, a duba shi, domin farfaɗiya ta fi yawa a masu otizim. Haka idan ya rasa wani abin da ya iya a da, ko birkicewar ta ƙaru kwatsam ba dalili. A irin wannan a fara neman ciwo a jiki, haƙori, kunne, ko bushewar ciki, don yaro irinsa yakan kasa cewa ga inda ke masa ciwo ko da bakinsa a buɗe yake. Ki kuma nemi a haɗa ku da ƙwararre kan magana da hulɗa, ki tafi masa da littafin jimlolin nan, zai rage masa aikin makonni.

Babansa kuma kada ki ja da shi a kan ko talabijin yana da kyau ko ba shi da shi. Abin da yake so shi ne ihun ya tsaya, ke ma haka. Ki nuna masa takardar makon farko, ki roƙe shi mako takwas, ki kuma ba shi aiki a ciki: shi ne mai karɓar katin yamma, shi ne mai fita da yaron bayan an kashe. Ku ci gaba da rubuta minti nawa ihun yake ɗauka, a ƙarshen kowane mako ku duba tare. Idan an kai mako huɗu kowa yana bin tsarin amma lambar ba ta sauka ba, ku mayar da ragin minti 15 a mako maimakon 30, ku kai wa likitansa takardar ya duba ko akwai damuwa ko rashin barci da ke ƙarƙashin abin.